Takardu Biyu na Salihu Mai-Awo

Duk wanda ya zauna a unguwar Erdington ta Birmingham a shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ya san Malam Salihu Sanda, ko bai san sunansa ba ya san kekensa. Ba keken hawa ba ne. Wata 'yar taya ce mai dogon mariƙi, irin ta ma'aikatan safiyo, tana yin ƙas duk sanda ta cika mita ɗaya. Da ita yake fita kullum bayan azahar, sanye da kwat a kan kaftani, yana tura ta a gefen titi kamar mai kai akuya kiwo. Turawan unguwa sun ɗauka har yanzu ma'aikaci ne. Mutanenmu kuwa sun san an sallame shi tun 2011, sai dai ba wanda ya taɓa faɗi a gabansa.

A 1988 ya sauka Manchester da tallafin karatu na jiharsu, siriri, da akwati ɗaya da hular sanyi da ta fi kansa girma. Ya sami ɗaki a wani flat a Hulme tare da Nuru Yelwa, wanda ya zo karanta akanta amma ya fi ƙwarewa a sanin inda ake sayar da komai da araha. Abu biyu Salihu ya koya a wannan ɗakin: dafa taliya da shan taba. Taliyar ya manta da ita ranar da ya auri Zinatu. Tabar ta bi shi har Birmingham, lokacin da Zinatu ta sami aikin GP, wato likitar unguwa, shi kuma ya shiga ofishin tsara gine-gine na council, wato hukumar birnin.

Shekara goma sha biyar ya yi yana auna katangar mutane da faɗin ƙofar gareji, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa rubuta lambar ƙarya ba. Ko an kawo masa shayi da biskit, in katanga ta wuce da taƙi ɗaya, ya rubuta ta wuce da taƙi ɗaya. Da aka zo rage ma'aikata, aka yi masa kati da kek, aka ce ya tafi da keken awon tunda ba sauran mai tura shi.

Maganar taba kuwa, a ganinsa ba ƙarya yake yi ba, shiru kawai yake yi. Tsarinsa ya fi na ofishin da ya bari kyau. Ba ya saye a Erdington, domin rabin masu kantunan High Street marasa lafiyar matarsa ne, sauran rabin kuma matansu ne. Sau ɗaya a wata yakan hau mota zuwa Manchester, wai gaida Nuru a Whalley Range, ya dawo da guzurinsa. Kwalin tabar yana kwana a wata 'yar jaka da ke ɗaure a mariƙin keken, wadda aka yi don alli. Wurin sha kuma wani lungu ne a bayan wasu garejoji, tsakanin bayan kantuna da katangar makarantar sakandare, inda ba taga ko ɗaya da ke kallo. In ya gama ya tauna kanumfari uku, ya shafa turare, ya koma gida yana ba da labarin yadda tafiyar ƙasa ke gyara jini. Zinatu takan ce madalla, ta ci gaba da abin da take yi.

Abin da Salihu ya fi tsoro a rayuwarsa bai wuce ranar da matar nan za ta sani ba. Mace ce da take wuni tana yi wa Turawa faɗa a kan huhunsu. A ce mijinta, mai limanci in liman ya yi tafiya, yana laɓewa bayan gareji kamar ɗan aji uku? Ya gwammace a sake sallamarsa sau biyu.

Ana nan, a shekarar da aka sa ƙananan kantuna su rufe taba a bayan murfi, sai Nuru ya ga wani tsohon kantin darduma da ya mutu a Erdington. Ya ce zai mai da shi wurin sayar da taba da kayan shisha, da rumfar zama a baya. Sai da izinin council, don haka aka liƙa takarda a jikin fitilar titi, wai mai magana ya rubuto cikin sati uku.

Zinatu ce ta fara ganin takardar. Kafin magariba ta haɗa matan unguwa a waya, namu da na Somaliya da 'yan coci, suka tsaya a kan magana ɗaya: kantin ya yi kusa da makaranta, kuma in ana iya shata wa masu soya kaza iyakar mita ɗari huɗu daga ƙofar makaranta a wasu wurare, ba su ga dalilin da zai hana a duba na masu taba ba. Abin da ya rage a san nisan. Ta ajiye masa tuwo, ta ce tunda Allah ya ba su ma'auni a cikin gida, gobe ya auna ya rubuta wa council. Salihu ya ce to. Washegari ya tura keke daga ƙofar makaranta, ya bi ta lungun da ya fi kowa sani, ya tsaya a ƙofar bayan kantin. Mita ɗari da tamanin. Ya rubuta, ya sa hannu, ya aika.

Kwana uku bayan haka Nuru ya iso daga Manchester da kilishi da kwalbar zuma, ya zauna a falo ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi 'yarsu Raki da ke jami'a, ya yabi labule. Sai da Zinatu ta tafi aiki ya gyara zama.

"Mai-Awo, shekara nawa muna tare?"

"Ashirin da bakwai."

"Na taɓa roƙonka wani abu?"

Ya roƙa, sau da yawa, amma ba a faɗin haka ga baƙon da ya kawo kilishi. Nuru ya ce 'yar takarda kawai yake so daga hannun masani, mai nuna kantin ya yi nisa da makaranta. Sannan ya dubi keken da ke jingine a bayan ƙofa, ya dubi 'yar jakar alli, ya yi murmushi, ya ce ai in kantin ya buɗe Salihu ma ya huta da zuwa Manchester.

To, a nan ne kara ta ci Salihu. Mu dai an san mu: mutum ya taso takanas ya zo har gidanka, ba ka iya duban idonsa ka ce a'a, sai dai ka ce to, in ya tafi ka zauna ka yi ta tsaki. Da Bature ne, da ya ce masa yi haƙuri, na riga na rubuta wa ɗaya ɓangaren, a sha shayi a rabu. Salihu ya ɗauki keke, ya koma ƙofar makaranta, wannan karon ya bi babban titi, ya zagaya ta wurin fitilar tsallakawa, ya tsaya a ƙofar gaban kantin. Mita ɗari biyar da ashirin. Ita ma gaskiya ce. Ya rubuta, ya sa hannu, ya aika.

Bai damu ƙwarai ba, don ya san ofishin kamar tafin hannunsa. Takardun masu ƙorafi teburinsu daban, na masu goyon baya teburinsu daban, a ƙarshe a ƙirga a ce mutum kaza sun ƙi, mutum kaza sun yarda, ba mai bin suna. Abin da ya manta shi ne ofishin da ya sani na mutum tara ne. Wuƙar da ta yanke shi ba ta tsaya a kansa ba. Yanzu saura mutum biyu, ɗaya kuma yana hutun rashin lafiya. Takardun nan biyu a hannu ɗaya suka faɗa, hannun Monica, wadda shi da kansa ya koya wa riƙe keken awo tana sabuwar ɗauka.

An kira taron unguwa ranar wata Laraba da rana a ɗakin karatu, don ranar ce cikin 'yan kwanakin da suka rage ana buɗe shi. Mata sun cika kujerun gaba, Zinatu a tsakiya da fayil. Nuru ya zo da babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Salihu ya zauna can baya kusa da ƙofa, keke tsakanin ƙafafunsa.

Monica ta yi bayani, ta saurari mutum huɗu, sannan ta ɗaga takardu biyu. Ta ce ta sami awo iri biyu, ɗaya ɗari da tamanin, ɗaya ɗari biyar da ashirin, kuma da wani ne ya aiko da ta jefar da ɗaya, amma duka biyun sa hannun mutumin da ya koya mata aiki ne, wanda ba ta taɓa kama shi da kuskuren ko taƙi ɗaya ba. Kawuna suka juya baya a tare. Zinatu ba ta juya ba, ta dai rufe fayil ɗinta a hankali, abin da ya fi juyowar muni.

Salihu ya miƙe ya ce duka biyun daidai ne, ɗaya ta lungu, ɗaya ta titi. Monica ta ce ta gane haka, tambayarta ita ce wace hanya yaran suke bi.

Nuru ya yi wuf ya ce lungun nan ko kare ba ya bi, shara ce kawai da tsofaffin tayoyi, a tambayi Malam Salihu. Yana faɗi yana shafa leɓensa da yatsu biyu irin riƙon taba, kamar mai share gashin baki.

Salihu ya san amsar fiye da kowa a ɗakin. Ƙarfe uku da kwata lungun nan yake cika. Sau biyu yana sauya lokacinsa saboda su. Sun san shi, suna ɗaga masa kai irin na abokan sana'a, har wata yarinya da ba ta wuce sha huɗu ba, da jakar makaranta a baya, ta taɓa ce masa Uncle ko yana da ashana. Bai ba ta ba, amma ranar kanumfari biyar ya tauna bai ji ɗanɗanonsu ba. In ya ce ba sa bi, ya tsira, Nuru ya tsira. Sai dai wannan ba shiru ba ne, lambar ƙarya ce, kuma a gaban yarinyar da ya koya wa awo.

Ya ce suna bi. Kullum, su goma zuwa goma sha biyar, kuma ba wucewa suke yi ba, tsayawa suke yi su sha taba a daidai inda ƙofar bayan kantin za ta buɗe.

Monica, da yake shi ya koya mata kada ta karɓi lamba ba tare da ta ji yadda aka same ta ba, ta tambaye shi yaya aka yi ya sani.

Da Turanci ya amsa, don abin kunya ya fi sauƙin fita da harshen wasu. Ya ce shekara huɗu ke nan yana zuwa wurin kullum, kuma abin da yake kai su shi yake kai shi. Ya zuge 'yar jakar alli, ya fito da kwalin, ya ɗora a kan kujera.

Wata tsohuwar Baturiya ta fara tafi, ta ga ba mai taya ta, ta daina. Mutanenmu duk suka shiga duban silin, kowa ya zama bai jin Turanci. Nuru ya naɗe hannun rigarsa ya ce a hankali, da Hausa, "Kai dai ba a haɗa baki da kai, tun a Hulme." Sati biyu bayan haka ya janye takardar neman izininsa, tun kafin a zauna a kanta, ya ce dama unguwar ba ta da wurin ajiye mota.

Shi da Zinatu suka kama hanyar gida har suka wuce kantin magani. Keke yana ta ƙas, ƙas a tsakaninsu. Salihu ya gaji da jira, ya ce, "Dakta, ki yi faɗan mana a huta."

"Faɗan me, Baban Raki? Tun muna Manchester na sani. Kana zaton akwai mai cin kanumfari haka don Allah?"

Ya tsaya cak. Ya tambaye ta me ya hana ta magana shekara ashirin da biyar.

"Kai ka ɓoye, ni kuma na yi maka kara. Ina ji ina gani, ina yi wa mijin kowa magani ban da nawa. Yau ka faɗa da bakinka a gaban mutum arba'in, ka sauke mini nauyi." Ta miƙa hannu, ya ba ta kwalin, ta jefa a jakarta. "Talata ƙarfe goma akwai ajin masu son dainawa. Shi ma an ce za a rufe shi, gara ka je tun yana nan."

Sai a lokacin Salihu ya gane abin da ya yi wa kansa. Duk shekarun nan ba kanumfari ne ya tsare shi ba, kunyar matarsa ce, ga shi ya kwance ta da hannunsa.

Har yanzu yana fita da keken bayan azahar, sai dai babban titi yake bi, inda kowane mai kanti ke leƙowa ya ga abin da ke hannunsa don ya kai wa Dakta rahoto. Jakar alli goro ne a cikinta. Zuwa Manchester ma bai daina ba, Nuru ya huce tun a Sallar da ta biyo baya, amma yanzu Zinatu ce take tuƙa shi, wai ita ma tana son gaisawa. In an tambaye shi yakan ce ya daina sarai. An yarda da shi, tunda mutum ne da bai taɓa rubuta lambar ƙarya ba. Ita wannan dai da baki ya faɗa, bai sa hannu ba.