Ranar da Inna ta ci abinci a bakin teku

Inna ba ta taɓa wuce Konni ba sai shekarar da ƙanena ya aiko mana da tikitin jirgi. Karatu ya kai shi Faransa, aiki ya riƙe shi, ya auri wata baturiya ƴar gidan masunta, ita kuwa ta nace sai ta ga uwar mijinta. Ni aka haɗa da Inna saboda ina jin Faransanci, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Buza. Muka baro Tabotaki da jaka cike da gumba da ƙuli-ƙuli da yaji, duk da na ce mata can ma ana cin abinci.

Matar ƙanena ce ta shirya tafiyar. Za mu bi gaɓar teku da mota, muna kwana a ƙananan garuruwa, har mu isa gidan iyayenta a arewa. Yarinyar nan ta yi wahala, wallahi. Ita ke buɗe wa Inna ƙofar mota, ita ke neman inda za mu yi alwala, har gaisuwar Hausa ta koya, tana faɗinta a karkace.

Inna ta sha kallo. Da safe muka ga jiragen masunta suna lilo kan ruwa, da la'asar muka tarar da su zaune cikin laka, ruwan ya janye can nesa. Inna ta riƙe haɓa, ta ce gulbinmu sai ya yi watanni kafin ya ƙafe, wannan kuwa wuni guda. Da aka ce mata zai komo kafin magariba, ta ce sai ta gani, muka tsaya har ya komo. Ta ƙi hawa doguwar hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya, amma katangun duwatsun da ke tsakanin gonaki sun burge ta. Ta ce ashe su ma suna jera dutse kamar mutanen Keita, ashe su ma sun san wahala.

Abinci ne ya ɓata mana tafiya. Duk inda muka tsaya, matar ƙanena sai ta shiga restoran ta yi ta tambaya, babu alade, babu giya a miya, sannan ta zaɓo mafi kyau. Gasasshen kifi da lemun tsami, miyar kifi mai zafi, wata faffaɗar waina mai man shanu. A ajiye gaban Inna, ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Ko ruwa sai ta juya baya take sha. In mun shiga otel kuwa ta dama gumbarta ta shanye tas.

Na san dalili. A gidanmu uwar miji ba ta cin abinci a gaban matar ɗanta, kunya ce, kuma girmamawa ce. Na ce wa ƙanena ya yi wa matarsa bayani, ya ce a bar shi, za ta saba. Ka ji maza! Shi yana ta sharɓar miyarsa, matarsa tana kallon faranti cike ana mayar da shi.

Wata safiya matar ƙanena ta ja ni gefe a bakin tashar jiragen ruwa, idanunta jajur. Ta ce za ta hau jirgin ƙasa ta koma gida, mu ƙarasa tafiyar mu uku. Ta gane Inna ba ta son ta, kuma ba za ta bar tsohuwa ta mutu da yunwa saboda ita ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na ce mata da Inna ba ta ɗauke ta suruka ba, da ta ci a gabanta kamar yadda take ci a gaban kowace baƙuwa. Ta sa na maimaita.

Da na gaya wa Inna, sai ta dafe ƙirji.

"Ni na ƙi ta? Ɗiyar mutane da ke ɗaukar mini takalmi?"

Na ce to ta daure ta ci ko loma guda. Ta ce ta so, amma in yarinyar na kallonta, maƙogwaronta rufewa yake yi. Ban matsa mata ba, na san gaskiya ta faɗa.

Da azahar muka zauna a wata rumfa kusa da ruwa, aka kawo tire cike da jatan lande, jajaye, da gashin bakinsu da ƙafafunsu. Matar ƙanena ta miƙe. Ta ɗauki farantinta, ta ja kujerarta, ta juya mana baya ta fuskanci teku. Mutanen da ke kusa suka yi ta kallonmu, sun ɗauka faɗa aka yi.

Inna ta daɗe tana duban bayan yarinyar. Sannan ta ɗauki guda, ta jujjuya ta, ta ce ai wannan fara ce, ruwa kawai ta shiga. Ta cire kai, ta cire ƙafafu kamar yadda muke yi wa fara, na nuna mata yadda ake ɓare bayan. Ta kwance ƙullin yajinta ta dangwala. Ta ce ba ta kai ta gida daɗi ba, amma ɓawo sai taruwa yake a gabanta.

Can ta ɓare wata babba, ta tsoma ta cikin yaji sosai, ta miƙa hannu ta saman kafaɗar surukarta.

"Ungo, ɗiyata."

Yarinyar ta karɓa ba ta waiwayo ba. Yajin ya sarƙe ta, ta yi ta tari, kafaɗunta suna rawa, kuma bayan tarin ya tsaya ba su daina rawa ba. Ƙanena ya ajiye cokali.

Inna ta goge hannu da bakin zanenta, ta gyara lulluɓi, ta dube ni.

"Ce mata ta juyo. Kallon ruwan ya isa haka."