Kofi Ɗaya Mai Ruwan Hoda

A gidanmu na Gafasa, mace ba ta kama sunan 'yarta ta fari. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in ta faɗi sai ta kau da kai ta bari wani ya ɗaga ta. Haka Inna ta yi wa Yaya, haka ita ma Yaya ta yi wa tata 'yar bayan an kai ta aure Gaya ta haihu. "Yarinyar nan" take ce mata. Ita kuwa yarinyar, da ta ji kowa a gidanmu yana cewa Yaya, sai ta tashi tana kiran uwarta Yaya. Ni ce mai goyonta in na dawo hutu daga makaranta, ni ce mai yi mata tsifa da kitso. Ni ma ba zan rubuta sunanta a nan ba.

Da wata ƙaramar Sallah, dangin mijin Yaya suka yi hayar bas aka kwashi yara zuwa wani wurin wasa da ke kan hanyar shiga Kano, wanda kowane yaro a Gaya yake maganarsa. Da ni aka je. Akwai lilo mai kama da ƙafar keke da ke ɗaga mutane sama har su hango gonaki, akwai wasu agwagin roba masu zagaye da yara a bayansu, akwai kuma gidan abinci mai bangon gilashi da ba ya rabo da layi. A can aka zauna, uwar mijin Yaya a kan gaba, aka kawo shinkafa da kaza. Ni ina waje ina tsaron yaran da ke jiran lilo, don haka daga baya na ji abin da ya faru. Yarinyar ta hango wata a teburin kusa tana shan askirim, ta sauko daga kujerarta ta zagayo ta kama bakin hijabin uwarta ta ce, "Yaya, mai ruwan hoda." Surukai suna kallo. Yaya ta zame hannun yarinyar ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Je ki wurin antinki." Kafin in shigo an fara tashi, direba yana ta danna hon.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama yarinyar, bai sake ta ba. Ko a zaman makoki Yaya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta.

Bayan nan ne ta fara barcin rana. Tana idar da azahar sai ta shimfiɗa tabarma ta juya wa ɗaki baya, ba ta tashi sai an kira la'asar, wani lokaci ma sai an girgiza ta. Abinci kuwa sai dai ta taɓa ta ture. Da ramar ta yi yawa, mijinta ya kawo ta gida ya ce ta zauna wurin Inna ta ɗan huta. Lokacin gero ya fi mutum tsawo, gidanmu ya zama kamar tsibiri a cikin ganye. Ina zama kusa da ita ina yi mata fifita, ina kallon wuyan hannunta da awarwaro ya fara zamewa daga gare shi. Da hijabin salla take kwanciya. In ta tashi, sai in ga bakinsa ta gefen hagu ya cukurkuɗe, ya murɗe wuri guda, kamar an jima ana riƙe da shi a ɗan ƙaramin hannu. Nata hannuwan kuwa a ƙarƙashin kumatunta suke tun da ta kwanta. Ban gaya wa kowa ba.

Inna ce ta matsa mata har ta faɗa. Ta ce kullum yarinyar tana zuwa, da kayanta na Sallah, ta kama mata hijabi ta faɗi maganar nan guda ɗaya. Kowa a wajenmu ya san abin da ake yi in mamaci ya zo a mafarki yana neman abu: a nemi abin a yi sadaka da shi. Inna ta yi gumba ta raba wa yaran unguwa, ta sayi alewar madara ta raba, har ta sa aka tsayar da mai askirim na keke ranar kasuwa. Yarinyar ba ta fasa zuwa ba. Sai Baffa, yayan mahaifinmu da ke koyarwa a Islamiyyar garin, ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Mafarki ba ya zama hukunci, 'yata. Amma sadaka ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. In zuciyarki a wurin wasan nan take, ki je can ki bayar da hannunki, ki dawo ki ci abinci." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke 'yar boko, ke za ki raka ta."

Muka hau babur zuwa Gaya, muka shiga mota a tasha. Muka hau gadar Wudil. Ruwa ya cika kogin, ya yi ja. Yaya ta dube shi ta ce, "A nan ta ce min kogin yana bin mu."

Ranar Asabar ce, wurin wasan a cike. Kiɗa yana tashi daga kowane lungu, yara suna ihu a sama, ƙamshin soyayyen dankali ya cika iska. Yaya ba ta kalli komai ba. Ta wuce kai tsaye gidan abincin, ta tsaya a kan wani tebur da ke jikin gilashi har mutanen da ke kai suka gama suka tashi, sannan ta zauna. Na gane shi ne na wancan karon.

Wata ma'aikaciya mai jar hula ta zo tana goge hannu. "Sannunku da zuwa. Me za a kawo? Akwai shinkafa da kaza, akwai dankali da ƙwai, akwai shawarma."

Na ce, "Askirim. Mai ruwan hoda. Kofi ɗaya."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta dubi layin mutanen da ke tsaye da yara a kafaɗa suna jiran wurin zama. "Haba Anti, ku biyu manya, kofi ɗaya? Ai akwai taga a waje ta masu askirim. Nan na masu cin abinci ne fa. Ko miji ne ya hana ku kuɗin kaza?"

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai Yaya ta ɗago. Kallonta kawai ta yi. Ban san abin da ma'aikaciyar ta gani ba, amma dariyar da ke bakinta ta koma. Ta tafi. Da ta dawo ta ajiye kofin a gaban kujerar da babu kowa, ba a gabana ba, ba a gaban Yaya ba, ta sa wani ɗan cokali na roba a gefensa. Na ce mata, "Ya kika ajiye shi a can?" Ta dubi hannunta kamar ba nata ba, ta ce, "Wallahi ban sani ba. Wannan ɗin ai yara ne suka fi sha." Ta juya da sauri.

Yaya ta jawo kofin ta riƙe shi da hannu biyu. Sanyinsa yana fitar da ɗan hayaƙi. Abin da ya rage shi ne a kira yaro a ba shi, ga yara nan ta ko'ina. Na nuna mata wata yarinya mai ɗigon kwalli a goshi. Ta ce ta yi girma. Na nuna wata, ta ce wannan da ganinta ta ƙoshi. Na nuna wani yaro da ya manna fuskarsa a gilashi daga waje, ta ce namiji ne. Saman askirim ɗin ya fara sheƙi, ya kwanta, wani ɗigo ya gangaro ta gefen kofin ya bi yatsanta.

Na ce, "Yaya, narkewa yake."

Ta ce, "Na gani."

"To a ba wa wani mana."

Ta ce, a hankali yadda sai da na matso, "In na bayar, ba za ta ƙara zuwa ba." Ta juya kofin a hannunta. "A mafarkin ina kiran sunanta. Ina ɗaukarta in ɗora a cinya, babu mai kallona. Tunda na haife ta ban taɓa samunta kamar yanzu ba. Ku kuna so in ci abinci."

Duk karatun da na yi, da duk abin da na tanada a mota zan gaya mata, babu wanda ya zo bakina. Na kalli awarwaron da ya gangaro har gwiwar hannunta, na san in muka koma da kofin nan bai shiga cikin yaro ba, barcin ranar zai yi ta tsawo har wata rana la'asar ta wuce ba ta tashi ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Kiɗan ya mutu a tsakiyar waƙa. Fankoki suka yi ta rage gudu. Ta gilashi na ga babban lilon ya tsaya da mutane a samansa, agwagin kuwa suka ci gaba da zagayawa a hankali babu sauti, yaran da ke kansu sun yi tsit. Rana tsaka ce, haske ko'ina, amma wurin ya yi irin shirun da gona take yi kafin hadari ya sauko. Har ƙarar cokula ta tsaya.

Ban ga shigowarta ba. Na dai sauke idona na ga yarinya tsaye a gefen hagun Yaya. Ba ta kama da tamu: wannan fara ce, gajeriya, da gibi a haƙoranta na gaba, lallen hannunta ya koɗe. Ba kowa tare da ita. Ba kofin take kallo ba, fuskar Yaya take kallo. Ta miƙa hannu ta kama bakin hijabin, ta murɗa shi a yatsunta.

Na waiga ko zan ga mai nemanta, ban ga kowa ba.

Yaya ta daɗe tana kallon ɗan hannun. Sannan ta ajiye kofin, ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinyarta, a gaban duk mutanen da ke wurin. Ta ɗebi askirim ɗin da ya kusa zama ruwa ta kai mata baki. Yarinyar ta sha. Ta ƙara mata, ta sha. Ba ta yi murmushi ba, ba ta ƙifta ido ba sosai, tana dai buɗe baki duk lokacin da cokalin ya zo. Da ya zubo mata a haɓa, Yaya ta goge da bakin hijabinta. Da kofin ya ƙare, Yaya ta kankare gindinsa ta ba ta na ƙarshe, sannan ta kira sunan 'yarta. Da ƙarfi ta kira shi, muryarta ta fashe a tsakiya. Ranar na fara jin sa a bakinta.

Yarinyar ta ce, "Na'am."

Can baya injin janareta ya yi tari ya tashi. Kiɗa ya dawo daga inda ya tsaya, fankoki suka ɗauka, mutanen saman lilo suka yi shewa. Wata mata mai goyo ta kutso tsakanin tebura tana haki. "Ke! Ina kika shige ina ta nemanki? Kwaɗayayya kawai, ki zo ki hau cinyar mutane! Baiwar Allah, ki yi haƙuri don Allah, ba halinta ba ne, ko wurin dangi ba ta zuwa." Yaya ta ce, "Sadaka ce. Ta yi mana addu'a." Matar ta ce Allah ya karɓa, ta ja hannun 'yarta tana kiran sunanta tana faɗa. Wani suna ne dabam, ko kusa ba su yi kama ba. Yarinyar ta bi ta tana tsalle, tana ba ta labarin agwagi, ba ta waiwayo ba.

A mota Yaya ta jingina kanta a kafaɗata ta yi kuka tun daga bakin wurin har muka wuce Wudil, fasinjoji suna ta ba ta haƙuri ba su san na mene ne ba.

Washegari bayan azahar ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Na zauna da maficina. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, amma na san kunnenta yana ɗakin. Ba a jima ba Yaya ta juyo ta buɗe ido, tun inuwar zaure ba ta kai rijiya ba. Ta duba bakin hijabinta. A miƙe yake, sai tabon ruwan hoda da ya bushe a jiki, wasu kiyashi sun yi layi daga bakin ƙofa suna hawa kansa.

Ta ce, "Ba ta zo ba."

Na ce, "Eh, Yaya."

Ta zauna tana kallon kiyashin, ba ta kore su ba. Can ta cire hijabin a hankali don kada ta murƙushe su, ta ninke shi da tabon a ciki ta sa a ƙasan akwatinta. Ta leƙa tsakar gida ta ce, "Inna, akwai sauran tuwon jiya?" Inna ta ajiye rariya ta tashi, na ji tana hura wuta.