Bindigar Babanmu da Kwanson Kanti

Yayana ya dawo daga yaƙin Bama da bindiga mai kwanson harsashi da takardar izinin Bature. Ni kuwa ina Kwanyawa da bindigar tokar da babanmu ya bari. Da hannuna nake ƙona gawayin tumfafiya, in daka albarushi, in ɗura, in danna da tsumma. Kowane ɗuri na san halinsa.

Ba zan yi wa kwanson kanti ƙarya ba. Na yau da na gobe duk ɗaya ne, ruwa bai dame shi ba. Amma wanda ya ɗura shi bai taɓa ganin dajinmu ba, abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Wata rana Yaya ya dubi bindigar Baba ya ce, "Wannan kai wa maƙeri za a yi, a fitar da fartanya."

Na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, sai dai bayan raina."

Ya yi dariya. "To, ga gadu can yana tone gyaɗar mutanen Rogo. Wanda ya kayar da shi, maganarsa za a bi."

Muka fita da sanyin safiya, ga damina ta zauna. Ni na fara ganin gadun. Na ja kunama, bindiga ta yi tari ta yi shiru, albarushi ya sha raɓa. Yaya ya harba sau ɗaya, magana ta ƙare.

Ni na kai bindigar Baba maƙera da kaina, don kada wani ya riƙe ta. Na yi kuka a hanya, ban kuma ji kunya ba. Amma kwanson da Yaya ya yar a gonar nan yana aljihuna, kuma tun daga ranar duk wanda ya yar sai na tsince.

Na riƙa sake ɗura su da albarushina, na ɓata da yawa kafin hannuna ya faɗa. Da kwanso ya yanke a kantin Kano, bindigar Yaya ta koma sandar rataye. Na zube masa nawa a tabarma.

Ya juya ɗaya ya ce, "Zai tashi kuwa?"

Na ce, "Ban da ranar raɓa. Ƙarfen naka ne, Yaya, amma wutar ta Baba ce."