Jujin Inna da Motar Ɗan Kwangila

Hutun da na dawo gida Bodinga, bazara ta kama, na iske unguwa ta ɗau zafi kan shara. Wai za a sallami masu baro da masu jaki, a ba mutum guda kwangila, motarshi ta riƙa bi gida-gida. Ni kam abin ya yi min, ba ƙarya. Ko jaka ban aje ba na watsa a guruf ɗin 'yan ajinmu: garinmu ya waye, 'yan garin Shagari ku biyo mu a hankali, kar ku yi tuntuɓe.

Inna tana tankaɗe lokacin da na ba ta labari. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ina za su kai ta?"

"Bola mana, Inna. Bayan gari."

"Wane bayan garin? Bayan gari duk gonar wani ce."

Nan na tuna jujinmu. Shina bayan garken awaki: toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, shekara guda Inna tana tarawa. Kowace bazara Kawu, yayanta da ke noma a Mandera, yakan zo da amalanken shanu ya kwashe ya zuba a gona. Kaka na yi, dammunan gero su iso gidanmu. Ba ciniki, ba a taɓa zancen ko nawa ba. In anka ce mutum guda ne mai ikon kwashe sharar kowane gida, gonar Kawu ta rasa taki, shi ko takin zamani ya fi ƙarfinshi, mu kuma tuwonmu ya shiga uku.

Duk da haka ina nan kan bakana, har yaran ɗan kwangilar sunka yi sallama ƙofarmu, su biyu, da riguna masu ƙyalli. Na fito ina washe baki, har da shirin ɗaukar hoto.

"Kuna kiwo a gidanga?"

"Muna yi."

"Awaki ko tumaki?"

"Awaki."

"Da yawa?"

Ledar fiya wata ce shimfiɗe a lungunmu, kwata ta toshe da ita, amma ba wanda ya tambaye ni leda. Gidan tela maƙwabcinmu, da ko kaza babu, gaisuwa kawai sunka yi sunka wuce. Na mai da waya aljihu ban ɗau hoton ba, na sake zaro ta na tambayi guruf ko akwai wanda ya san ɗan kwangilar. Wata 'yar ajinmu ta Dingyadi ta ce ai shina da fadamar albasa wajensu, ƙatuwa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Hujja babu cewa taki yake nema wa albasarshi, amma tun daga nan na fara kallon rigunan nan a kaikaice.

An yi taro ƙofar mai unguwa bayan la'asar, har da kansila. Masu son mota sunka ce sauro ya gama da yara, kuma wasu masu baron a kwata suke juyewa in ba a kallo. Gaskiya ce, na taɓa gani. Masu baro sunka ce to su mi za su ci. Kawu ya shigo kasuwa ranar, ya zauna gefen tabarma, ya jira anka ba shi dama.

"Ranka shi daɗe, leda shara ce, mun yarda. Kashin akuya fa?"

Ɗan kwangilar ya gyara hula. "Baba, in an fara ware wannan a bar wancan, aiki ba ya tsaruwa. Duk abin da gida ya fitar mu ɗauka, a huta."

"To wa ya ce maka mun gaji, Alhaji?"

Anka yi dariya, shi ma ya yi. Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni dai yatsana na ta aiki ƙarƙashin riga, ina ba guruf rahoto kai tsaye, 'yan Shagari suna min tsiya wai ina wayewar. Kansila ya ce za a je a duba, a sake zama.

Inna ba ta jira zaman ba. Ta ce Kawu ya kawo amalanke a satin, ko da bai gama sharar gona ba. Ni anka miƙa wa shebur. Ɗalibi guda, sabon aski, na yi buɗu-buɗu da toka, amma wallahi daɗi nake ji, kowane shebur kamar na ci ƙwallo. Sawu bayan sawu har wurin ya koma ƙasa fes.

Da shanun za su tashi da sawun ƙarshe, Kawu ya leƙo zaure.

"Bana mun tsira. Baɗi fa, in sun sa dokar?"

Inna ta kalli garken. "Sai ka gyara musu turke a Mandera. Su koma can su yi kashinsu a gonar."