Farin Yadin Da Muka Binne A Gonar Baba

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga ranar da zan manta da daminar da aka ce na binne asiri a gonar mahaifinmu ba.

Ina da rumfar yadi a babbar kasuwar Garwa. Akwai wata mata da ta riƙa zuwa sayen farin yadin auduga, irin na likkafani. Zuwan farko na yi mata gaisuwar mutuwa. Na biyu na sake yi, har da ƙwalla. Da ta kuma dawowa sai haƙurina ya ƙare, na ce, "Madam, wai annoba ce ta shiga gidanku?"

Dariya ta yi har sai da ta zauna a bencina. Ashe dakta ce, amma ba ta mutane ba, ta ƙasar noma. Ta ce yanka yadin take yi ƙanana tana binnewa a gonaki, daga Lagdo har Tuboro. Wai ƙasa mai rai cike take da ƙananan halittu masu cin auduga. In an tono yadi ya fito a yayyage, ƙasar lafiya lau; in ya fito yadda aka sa shi, to akwai magana. Abokan aikinta a Najeriya da Chadi ma haka suke yi, suna turo wa juna hotuna ana gwadawa.

Ni kuwa a lokacin raina a ɓace yake. Yayana ya rantse sai an sayar da gonar da Baba ya bar mana a hanyar Lagdo, wai ta mutu, masara ko gwiwa ba ta kaiwa. Har ya samo mai saye, ana jiran kaka kawai. Gonar nan a cikinta na yi wayo, kuma ban da bakin da zan ja da shi. Na roƙi Dakta ta gwada gonarmu, ta yarda. Muka hau mashin muka je, ta binne ƙyalle ɗaya a tsakiyar gona inda Yaya ke ƙone kara duk shekara, ɗaya kuma a gindin gawo inda shanu ke kwana da rani.

To, mutanen ƙauye ba makafi ba ne. Kafin in koma Garwa labari ya riga ni: wai na kawo wata mata mai tabarau ta binne likkafani don cinikin ya lalace. Yaya ya same ni a rumfa, ko sallama babu.

"Abin har ya kai ki yi mini asiri?"

"Yaya, in asiri zan yi maka, da rana tsaka zan yi, a gaban makiyaya?"

Bai yi dariya ba. Ni ma da ya tafi kuka na yi, don maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Aka kai ƙara wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne mai yanke magana a gidanmu. Ya saurari Dakta tsaf, ya ce kada kowa ya taɓa wurin, in lokacin tono ya yi a tona a gabansa. In yadi ya nuna gona ta mutu, a sayar, ni kuma in yi shiru. Na amsa.

Ranar tono rabin ƙauye ya zo kallon asiri. Aka fara da na tsakiya. Ya fito kusan lafiyarsa ƙalau, in ka wanke sai ka ɗinka aljihu da shi. Yaya ya kalle ni, na sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, gona ta tafi. Sai aka je gindin gawo. Dakta ta sa hannu ta lalubo, ba ta fito da komai ba sai 'yan zare da tana biyu suna mutsu-mutsu.

Baffa ya ce, "Ina yadin?"

"An cinye, Baffa," in ji ta. "Gona ɗaya ce, ƙasa ɗaya. Nan ana ba ta abinci, can ana ƙone mata shi. Ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji."

Yaya ya daɗe tsugune yana murza ƙasar nan a tafin hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba ma ai ba ya ƙona kara." Maganar sayarwa daga nan ba a sake tayar da ita ba. Haƙuri kam bai ba ni da baki ba, halinsa ne, amma buhun masarar farko da gonar ta yi bayan ta farfaɗo a ƙofar rumfata ya sauke shi.

Yanzu manoman yankin da kansu suke binne ƙyalle, Dakta kuma ta ce hoton zarenmu ya kai wurin abokan aikinta na ƙetare. Yaya duk damina sai ya zo ya yanki farin yadi, bai taɓa tambayar kuɗinsa ba.

Abin da na koya shi ne, kada ka yi saurin cewa abu ya mutu, gona ce ko zumunci, sai ka tona ka duba. Mu dai da yadin likkafani muka gane tamu tana da rai.