Kantar da Yaya Ya Kawo Daga Safana

Ni kaɗai na san idon babana ya tafi. Na gane ne a shekarar da na zo gida Batsari wankan ɗana na fari, ranar da na miƙa masa ƙwaryar fura ya kai hannu gefe ya damƙi iska. Sai da ya shanye sannan ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, "abin da kika gani shi tsaya nan. Ko yayanki kada shi ji."

Shi ne muhutin alƙali a lokacin, wanda ake juyowa a tambaya in shari'a ta cije, musamman ta gado. Da aikin nan gidanmu ke ci, saboda shi ake durƙusa masa a hanya. Ga shi an fara raɗe-raɗin Turawa sun gaji da tsofaffi, hukumar En'e za ta sauke duk wanda ba ya iya duba takarda. Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba.

Zaman littattafansa ne ya rufa masa asiri. Suna shigifa, jere a kan dakali jikin bango, kowanne cikin gafakarsa, kuma baduku ɗaya ya ɗinka gafakun, jar fata iri guda. Ba bisa fanni ya jera su ba, bisa yadda ya karance su ne tun yana saurayi. Wanda ya fara saukewa na can dama, na bayansa na biye da shi, har zuwa bakin ƙofa. In an yi tambaya sai ya miƙa hannu ya zaro, ya buɗe, ya sunkuya kamar mai dubawa, ya karanto da ka. Ba wanda ya taɓa zargin komai.

Yayana kuwa ɗan boko ne, shi ke kula da ɗakin karatu na Safana. An kai shi kwas Katsina ya koyo jera littattafai, abin ya shige masa kai kamar ciwo. In ya zo gida kunnenmu ba ya hutawa: kowane ilimi da rukuninsa, kowane rukuni da lambarsa, addini nan, harshe can, a liƙa 'yar farar takarda a ƙeyar littafi, ko baƙo ya shigo ya samu abin da yake nema. Da ya samu dama, da tukwanen innarmu ma sun sha lamba. Ina ƙaunarsa, amma ba ya iya ganin abu zaune lafiya ya ƙyale shi.

Sai labari ya zo Di'o, Baturen mulki, zai yi rangadi, kuma yana son ganin littattafan muhuti. Baba na Ruma wajen wani rabon gado tare da alƙali, sai a ranar za su dawo. Ana gobe baƙon zai zo, Yaya ya iso da sabuwar kantar katako ta jera littattafai a kan jaki. Ina can cikin gida da jariri, ban sani ba. Ko da na leƙa shigifa da la'asar, dakalin nan wayam. Gafaku na tsaye cikin kanta hawa-hawa, kowace da farar takardarta, ƙaron liƙin ma bai bushe ba. Na juya wajen Yaya.

Na ce, "Yaya, mi ka yi haka?"

"Gyara na yi. Gobe Bature shi ga gidanga ba gidan duhun kai ba ne."

"Don Allah maida su yadda suke."

"Yadda suke? Ai zube suke kawai." Ya yi dariya. "Ke da ba ki san ko bihim ba, mi ya dame ki?"

Maganar ta zo mini har baki na haɗiye, don na ɗauki alkawari. Da ya fita na tsaya gaban kantar ina ƙoƙarin tuna wace ke bin wace, duk ja, duk ɗaya. Na ƙudura in tare Baba a ƙofa in raɗa masa.

Ban samu dama ba. Da hantsi suka iso gaba ɗaya, Baba da alƙali da Baturen da tafintansa, kai tsaye shigifa. Mai jego ba ta ratsa maza, sai na laɓe bayan asabari. Na ga Baba ya zauna inda ya saba, ya miƙa hannu, ya shafo ƙasar dakali.

Yaya ya ce, da fara'arsa, "Baba, ga su nan cikin kanta, damanka. Na jera maka su."

Hannun ya daɗe a kan dakalin. Sannan Baba ya miƙe a hankali ya lalubo katakon. Tafinta ya ce Bature na son jin abin da littafi ya ce kan rabon 'ya mace in ita kaɗai uba ya bari. Yatsun Baba suka bi gafaku daga dama, suka tsaya daidai inda littafin gado ya saba zama. Ya zaro, ya buɗe, ya sunkuya ya fara karantowa, muryarsa ko rawa ba ta yi. Bature na ta gyaɗa kai. Alƙali ya leƙa shafin, ya ɗauke kai ya dubi ƙasa. Na soma sa rai za a tashi a haka.

Sai Yaya, wanda ya san lambobinsa, ya ce, "Baba, ai wannan na nahawu ne, na gado yana..." Sai a nan ya gane Baba ba ya gani. Tafinta kuwa ya riga ya juya wa Bature. Baturen ya dubi Baba, ya dubi alƙali, ya ɗauki hularsa.

Bayan sun tafi Baba na zaune da littafin a cinya, Yaya durƙushe a gabansa yana hawaye, har aka kira azahar. Sannan Baba ya rufe littafin, ya miƙa hannu.

"Tashi ka kama ni," in ji shi. "Masallaci za mu."

Ranar kasuwa ce, kuma ta bakin kasuwa hanyar take, a idon kowa.