Uba Mai Yasa da Kunamar Rijiya

Da an idar da sallar asuba, Uba mai yasar rijiya yakan saɓa igiya, ya ɗauki kwandon laka, ya nufi inda aka kira shi. Kafin ya sauka sai ya leƙa bango. Abin da yake nema wata halitta ce shimfiɗaɗɗiya, ƙafafunta na gaba dogaye sirara kamar bulala. Mutanen yankinmu kan ce mata kunamar rijiya. Masana sun sa ta dangi ɗaya da kunama da gizo-gizo, sai dai ba ta da ƙari, ba ta da dafi. Shi kuwa Uba cewa yake inda take zaune, mutum ma zai sami numfashi. Rijiyar da babu ita, sai ya zura fitila tukuna ya ga ko wutar za ta mutu.

A ranin 1954 zawo ya kama yara a wata unguwa kusa da Kiru. Wata mata ta jawo guga, sai ga halittar maƙale a jikinsa. Nan take aka ce ita ta zuba dafi a ruwa, mai unguwa ya ce a cike rijiyar. Ita kaɗai ce ba ta ƙafe ba a shekarar. In an cike ta, mata sai rafi mai nisa.

Ana cikin tara duwatsu Uba ya iso.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in shiga tukuna."

Mai unguwa ya ce, "In ta harbe ka fa?"

"Sai ku cike har da ni, kun huta da haƙan kabari."

Sabo abokin aikinsa ya riƙe igiya, Uba ya sauka. Da ya fito, ga kunamar rijiya guda ɗaya a dantsensa, bayanta cike da 'ya'ya. Kowa ya ja da baya, ban da tsohuwa Habiba, wadda jikanta ke kwance da zawon.

Ta matso ta duba. "Ashe goyo gare ta."

"Goyo gare ta, Iya. Kyankyaso take ci, babu ruwanta da jikanki."

Ya koma ya mayar da ita cikin tsagar bango, sannan ya cika kwando. Sabo ya jawo: laka, da mushen zakara ya kumbura.

Habiba ta toshe hanci. "Ranka ya daɗe, ba jan zakaran nan naka ba ne da ka ce muzuru ya ɗauke?"

Mai unguwa ya ce a kwashe ruwan sarai, duwatsun kuma a ɗaga bakin rijiya da su.

Bana gwiwa ta hana Uba sauka, yanzu Sabo ne ke shiga.

Uba, kai ne mai shiga inda muke tsoron leƙawa. Daga Bebeji har Doguwa an sha ruwan da ka yashe, ba a tambayi sunanka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuma, kafin mu tara wa abu duwatsu, mu sauka mu duba.

Jikan Habiba ya tashi. Rijiyar tana nan, mai goyon ma danginta suna ciki.